Godiya bayan autarmu ta gama maganin tarin fuka

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, jiya autarmu mai shekara 4 ta shanye ƙwayar ƙarshe ta maganin tarin fuka, wata 6 cif. Likita ya auna ta, ya ce jiki ya dawo.

Shan maganin bai ba mu wuya kamar gano ciwon ba. Kusan wata 3 muna yawo. A kemis aka ce maleriya ce, aka ce taifot, daga baya aka ce limoniya. Zazzaɓi ya sauka kwana biyu ya dawo, yarinya tana ta rama, da dare gumi ya jiƙa mata riga. Har masu cewa sammu ne an samu. Da muka je asibiti aka nemi kaki, sai ga shi yaro ƙarami ba ya iya fitar da shi, haɗiyewa yake yi. Hoton ƙirji ma bai fito da magana ɗaya ba.

Allah ya haɗa mu da wata ma'aikaciyar jinya, ita ce ta zaunar da ni ta ce, "Maman yara, akwai mai tari a gida?" Nan gabana ya faɗi, don kakansu ya daɗe yana tari, mu kuwa mun ɗauka na tsufa ne, kuma a jikinsa yarinyar take wuni. Ta ce tun da haɗiye kakin take, a kawo bayan gidanta a sa a GeneXpert, na'urar da ke gano ƙwayar cutar tarin fuka. Washegari sakamako ya fito, tarin fuka ne. Aka gwada Baba, kakan nasu, shi ma aka samu. Sista, tambayarki ɗaya ta ceci mutum biyu a gidanmu, Allah ya saka miki da Aljanna.

Ina godiya ga ma'aikatan sashen tarin fuka, ko kwabo ba su karɓa ba na gwaji ko magani. Su suka kwantar min da hankali ranar da na ga fitsarinta ya yi ja, suka ce aikin maganin ne.

Yaya, na gode da kuɗin mota. Goggo, ke kika riƙe min sauran yaran. Maƙwabtan da ba su guje mu ba bayan sun ji sunan ciwon, na san ba ƙaramin abu kuka yi ba.

Saura wata ɗaya Baba ya gama nasa, a taya mu da addu'a. Allah ya bar zumunci.