Ciwon da ya kama ni washegarin babbar sallah ashe ba daga hanji ba ne

Washegarin babbar sallar da ta wuce abin ya fara. Mun wuni ana suyar naman layya, ni kuma da na daɗe rabona da maiƙo saboda lalurata sai nace yau ɗaya dai bari in taɓa, na ci soyayye har da ɗan kitse-kitsen nan. Wajen sha ɗayan dare ciwo ya taso min a ƙasan haƙarƙari ta dama, ba murɗawar da na saba ba, wannan riƙewa yake kamar an sa hannu an damƙe wajen an ƙi saki, ya zaga har baya ƙarƙashin allon kafaɗa, ga amai ga zufa. Na yi kusan awa uku ban iya kwanciya ba ban iya zama ba, sannan ya lafa da kansa.

Shekara shida kenan da aka gano ina da gyambon babban hanji, wanda likitoci ke cewa kolaitis. Ba olsar tumbi ba ce da kowa ya sani, wannan a babban hanji da dubura yake, gudawa da jini da majina, bayan gida ya matso ka ba shiri. Kafin a gano na sha Flagyl ba adadi da sunan atini, na sha jiƙe-jiƙen basir kala-kala, sai da aka zura kyamara aka ga hanjin sannan aka san abin da ake ciki. To tun daga lokacin duk abin da ya motsa a cikina sai ince kolaitis ne, mutanen gida ma haka, Umma tana jin labari tace "ai ciwon naki ne ya tashi, Allah ya ƙara sauƙi", shikenan aka bar maganar.

Bayan sati biyu ya dawo, wannan karon awara na ci. Maigida ya je kemis aka ba shi diclofenac, na sha ciwon ya sauka, amma cikin 'yan kwanaki jini ya dawo a bayan gida. Da na koma asibiti likitan da ke duba ni bai ji daɗi ba ko kaɗan, yace ai ya taɓa gaya min diclofenac da ibuprofen da danginsu suna iya tayar da kolaitis. Sai ya tambaye ni, "Hajiya, ciwonki na da a ina kike jinsa?" Nace ƙasan mara ta hagu, kuma in na zaga yana raguwa. Yace "to wannan na daman fa, zagawa tana rage shi?" Nace a'a wallahi. Nan take ya rubuta min sikanin, yace in zo da safe ban ci komai ba aƙalla awa shida, don in an ci abinci jakar matsarmama takan motse ba a gani sosai.

Tsakuwa aka gani a matsarmama, guda uku.

Duk macen da ta taɓa gyaran kayan ciki ta san matsarmama, 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta wadda ake lallaɓawa a cire don in ta fashe nama ya yi ɗaci, wasu suna ce mata maɗaciya. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin, jakar tana ajiyewa ne kawai, in ka ci maiƙo sai ta matse ta tura ruwan cikin hanji ya narkar da kitsen. In ruwan ya cika kolestarol (wani nau'in maiƙo ne na cikin jiki) ko ya daɗe a kwance bai fita ba sai ya fara dunƙulewa, daga laka-laka har ya zama tsakuwa. Wajen mutum 8 cikin 10 masu ita ba su ma san suna ɗauke da ita ba, sai ranar da ɗaya ta toshe bakin jakar lokacin da take matsewa, wannan shi ne ciwon da na ji, shi ya sa yake biyo bayan soye-soye.

Tambayata ta farko ita ce, kolaitis ɗin ne ya jawo min? Kuma amsar ba ta miƙe kamar yadda na so ba. Kolaitis yana da ɗan'uwa, cutar Crohn, sunan wani likita ne na Amurka da ya yi bayaninta shi da abokan aikinsa a 1932. Ita Crohn tana yawan cin ƙarshen ƙaramin hanji, kuma a daidai wajen ne jiki ke tsotse wajen kashi 95 cikin 100 na gishirin ruwan maɗaciya ya mayar wa hanta a sake amfani da shi. In wajen ya lalace ko an yanke shi sai haɗin ruwan ya rikice, shi ya sa masu Crohn haɗarin tsakuwa a wajensu ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane. Namu kuwa a babban hanji ya tsaya, bai taɓa wancan wajen ba, bincike ma ya rabu, wasu sun ga ƙari kaɗan wasu ba su ga wani bambanci ba.

Amma da muka zauna muka bi tarihina sai na ga ko cutar ba ta yi da hannunta ba, zaman da ta sa ni ya taimaka. Bara da ta tashi min sosai na zube kilo tara cikin wata biyu, kuma saurin rama sanannen abu ne wajen kawo tsakuwa. Sannan tsoron cin abinci, wanda duk mai wannan lalura ya san shi, in zan fita unguwa ko biki sai in ƙi cin komai tun safe don kar bayan gida ya kama ni a hanya, wani lokacin in wuni da ruwa kawai, ashe duk tsawon wannan lokacin jakar tana nan cike ba ta matsewa. Ga alluran ceftriaxone da aka sha yi min da sunan taifot, ita ma tana tara laka a matsarmama, duk da yawanci takan wanke in an daina. Sai ka ɗora da cewa ni mace ce, haihuwa biyar, na haura arba'in. Masu sikila ma su sani, su tun suna yara take kama su saboda yawan fashewar ƙwayoyin jini.

Abin da ya fi damun likitan ma ba tsakuwar ba ce. Akwai wata cuta da suke taƙaita sunanta da PSC, hanyoyin da ruwan maɗaciya ke bi a ciki da wajen hanta ne suke kumbura suna tsukewa a hankali, kuma ita kam alaƙarta da kolaitis ba a musu a kai. Wajen 7 cikin 10 masu PSC suna da ciwon kumburin hanji, galibinsu irin namu, duk da in aka juyo ta ɓangarenmu masu kolaitis waɗanda ke samunta ba su kai 1 cikin 10 ba. Tana zuwa da ƙaiƙayin jiki ba ƙuraje, gajiya, daga baya shawara, wasu kuma ba alamar komai sai gwajin jini ya nuna. Aka ɗebi jinina aka duba aikin hanta, kwana biyun da na yi ina jira ban yi barcin kirki ba, alhamdulillahi ya fito lafiya. Yace duk da haka za mu riƙa maimaitawa lokaci-lokaci.

Dan Allah 'yan'uwa maganar shawara ina so a ji ni. Mun saba in ido ya yi ɗorawa sai a nufi mai magani a haɗo saiwoyi. In akwai ciwo a dama, ga zazzaɓi da rawar sanyi, ido ya canza, fitsari ya koma kamar baƙin shayi bayan gida kuma ya yi fari-fari, tsakuwa ce mai yiwuwa ta gangaro ta toshe babbar hanyar ruwan maɗaciya, wannan asibiti ake nufa a daren, ba a jiran gari ya waye.

Yanzu maganar tiyata muke. Tunda ta fara ciwo har sau biyu yace cire jakar gaba ɗaya ya fi, ta 'yan ƙananan huji uku ko huɗu ake yi da kyamara, kuma mutum yana rayuwarsa ba ita. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wasu bayan an cire sukan yi fama da sakin ciki, don ruwan zai riƙa zuba hanji kai tsaye ba ma'aji, ni kuwa da gudawa ta riga ta gallabe ni ba ƙaramar magana ba ce, na faɗa masa haka ƙarara, yace akwai maganin da ke kama ruwan in hakan ta faru. Ya fi so hanjin ya kwanta tukuna in sauka daga prednisolone, maganin kwantar da kumburin hanjin, saboda yana hana ciwo saurin warkewa. Kafin nan ina shan mesalazine ɗina, maganin kolaitis ɗin, a kan lokaci, ina cin abinci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana ko zan fita, farfesu sai na bari ya huce na kwashe man saman. Wata mai kamawa zan koma a sake gwajin jini a sa rana, ku sa ni a addu'a.