Lahadin Godiyar Kaka

Lahadi, makon ƙarshe na Nuwamba. Narayi, Kaduna.

Yau ikilisiyarmu ta yi godiyar kaka ta bana, wato sujadar gode wa Allah saboda amfanin gona. An haɗa sujadar Hausa da ta Turanci wuri ɗaya, aka fara ƙarfe takwas, Baba Fasto ya sa albarka kafin ƙarfe ɗaya. Wanda ya san yadda irin wannan rana ke kai mutane har la'asar da yunwa da kukan yara zai gane cewa wannan ma abin yabon Ubangiji ne. Bari in rubuta yadda aka bi da ita tun abin yana sabo, ko kwamitin baɗi zai amfana.

Aiki ya fara tun ƙarfe shida, hazon hunturu bai ko washe ba. Kayan sauti aka fara da su. Ƙa'idar kunnawa ba ta canzawa: janareta ya tashi ya daidaita tukuna, sai miksa mai haɗa sautuka, amfilifaya mai ƙara musu ƙarfi a ƙarshe. Wajen kashewa a juya, amfilifaya ce ke fara mutuwa. Wanda ya saɓa wannan zai ji lasifika ta yi "dum", kuma irin wannan bugun ne ke ƙona ƙananan lasifikun da ke fitar da siririyar murya. Tun farko aka ɗora komai kan janareta ba a jira wutar gari ba, domin ɗaukewa a tsakiyar waƙa da dawowa da ƙarfi ita ke kashe kaya. Shi janaretan an kai shi bayan katanga, bakin salansa na kallon fili, nesa da tagar ajin yara. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, sai dai a ga yara sun fara ciwon kai.

Kukan makirufo, wannan "kiii" da ke sa tsofaffi toshe kunne, ba lalacewar kaya ba ne. Sautin lasifika ne ke komawa cikin makirufo yana zagayawa. Maganinsa a wurin ajiya yake: manyan lasifiku su tsaya gaba da layin mawaƙa, suna fuskantar jama'a, kada mai waƙa ya taɓa wucewa gabansu da makirufo a hannu. A hana matasa dunƙule kan makirufo da tafin hannu, a kashe duk wanda ba a amfani da shi, a sa sabon batir a marasa waya da safen nan, a ajiye wasu a aljihun mai kula da miksa.

Amma babban aikin mai miksa a ranar godiya shi ne ya rage, ba ya ƙara ba. In lasifika ta fi ƙarfin muryar jama'a, mutane kan daina rerawa su koma kallo. Gwajin mai sauƙi ne: a tsaya a bencin baya, in ba ka jin muryar na kusa da kai yana waƙa, sauti ya yi yawa. Yau an bi wannan, kuma da aka ɗaga waƙar buɗewa rufin kwanon nan da muryar mutane ya amsa, ba da ta injin ba.

Zumuntar Mata ce ta ɗauki rabin sa'a na yabo, cikin anko, da tulu biyu da caki da kuge da ganga ɗaya. Babban tulu shi ke riƙe ƙasa, ana bugun bakinsa da soso, ƙaramin yana yi masa ado. Makirufo ɗaya ya ishe su, a ajiye shi ƙasa kusa da bakin babban, kada ya taɓa shi. Ganga kuwa a hunturu sai an lura. Da damina fata kan saki har sai an shanya ta, yanzu busasshiyar iska ke ɗaure ta tamau, in aka bar ta a rana ko aka ƙara ja mata igiya sai ta fashe a hannun makaɗi. Tun jiya aka sassauta igiyoyin kaɗan, aka kwana da ita a ɗaki.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne tsakanin mai ba da waƙa da mai piyano. Matan nan ba da piyano suka koyi waƙoƙinsu ba. Uwar waƙa ta san inda muryarta ke zama da inda 'yan amshi za su iya kaiwa. In yaron piyano ya riga ta ya danna nasa mabuɗin, yawanci sama yake ɗauka, sai amshi ya koma ihu, kafin baiti na uku murya ta dushe. Na ji shugaban mawaƙa yana gaya wa shugabar matan kafin a shiga: "Mama, ku ɗaga kawai, mu za mu bi ku." Haka aka yi. Ta ɗaga, tulu ya shiga, mai piyano ya lalubo ta a hankali da sauti ƙasa-ƙasa, sai a zagaye na biyu ya buɗe. Da guɗa ta tashi daga ɓangaren tsofaffi babu wanda ya rage a zaune.

An karanta Zabura 136 ta hanyar karɓa-karɓa. Ayoyi 26 ne, kowace da amshi iri ɗaya, cewa ƙaunarsa madawwamiya ce. Mai karatu ya faɗi rabin farko, jama'a su amsa. Ba a buƙatar takarda ko allo, har wanda bai iya karatu ba yana ciki. Abin kiyayewa kawai kada mai karatu ya yi gudu. Daga aya ta goma zuwa sama, inda ake lissafta fitowa daga Masar da raba Bahar Maliya da sarakunan da aka kayar, a nan ne masu karatu kan fara sauri don su gama, amshin ya zama gunaguni. Dattijon da ya karanta yau yana jira amshi ya sauka sarai kafin ya ɗauki aya ta gaba.

Wa'azi daga Maimaitawar Shari'a sura 26, minti ashirin da biyar. Baba Fasto ya nuna cewa mai kawo nunan fari ba ajiye kwando kawai yake yi ya juya ba. Sai ya buɗe baki a gaban bagade ya faɗi tarihi: kakansa mai yawo ne, sun gangara Masar su kaɗan, aka wahalshe su, suka yi kuka, Ubangiji ya ji, ya fito da su, ya ba su ƙasar nan, ga amfaninta. Wato godiya tana da abin da take ambata. Baba Fasto ya ce a daina "mun gode don komai da komai" kurum, kowa ya kama abu ɗaya da sunansa. Sannan ya kai mu aya ta 11 da ta 12, inda murnar ta haɗa da Balawe, wato mai hidimar ɗakin Ubangiji, da baƙo, rabon kuma ya kai ga maraya da gwauruwa. A kan wannan aka gina rabon kayan da zan zo kansa.

Sai fitowar godiya, wadda ita ce zuciyar ranar kuma ita ke cinye lokaci. An yi ta ƙabila-ƙabila kamar yadda aka saba a majami'un kudancin garin nan: Bajju, Atyap, Ham, Adara, Gbagyi, Hausawa, sannan sauran 'yan'uwa daga Filato da Binuwai da kudu a haɗe. Kowa da waƙar yarensa, minti shida. Abu biyu suka ceci lokaci. Na ɗaya, hanyar tsakiya ta shiga ce kaɗai, komawa ta gefe biyu, don haka masu rawar zuwa ba sa cin karo da masu dawowa. Na biyu, rukunin da ke biye yana jeruwa a waje tun na gabansa na tsakiyar waƙa, makaɗa ba sa tsayawa, sai dai su juya kiɗa. Buhuna ba sa shiga layi. Tun safe aka karɓe su a teburin ƙofa, aka rubuta a littafi, aka jera gefen bagade. Mai buhu yana fitowa da mudu ɗaya a hannu a madadinsa. Awaki da kaji suna ɗaure a inuwar bishiyar mangwaro da ruwa a gabansu. Akuyar da aka shigar cikin kiɗa da guɗa firgita take yi, ko ta kubce ko ta ɓata wuri.

Bana dattawa sun hana kiran suna da adadi a lasifika, kuma a ganina sun yi daidai. Ranar da ake shelar "wane buhu biyar, a tafa masa", mai mudu biyu na gyaɗa takan zauna ta ɓoye ƙullinta a ƙarƙashin benci. An kuma gaya wa masu tsaron ƙofa kada su hanzarta kowa a cikin mintocin rukuninsa. A layin Gbagyi akwai wata tsohuwa da ƙwarya a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya, doya uku a ciki, an wanke su fes. Takunta biyu gaba ɗaya baya, idonta a rufe, bakinta na bin waƙa. Layin duka ya rage gudu ya bi takunta. Da ta iso ta durƙusa ta sauke da kanta, ba ta bar wani ya karɓa ba, Baba Fasto ya sunkuya ya ce, "Sannu Mama, Ubangiji ya karɓa."

Shaida mutum biyar aka ɗauka, minti biyu-biyu, kuma kowa ya riga ya gaya wa dattijo ɗaya abin da zai faɗa tun ranar Laraba. Wannan ba don a tace aikin Allah ba ne. Shaidar da ba a shirya ba takan fara daga haihuwa, ko ta zame ta zama habaici ga dangin miji. Wanda ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa an roƙe shi kada ya ambaci kuɗi ko wanda ya kai ko hanyar da aka bi, kuma aka dakatar da watsa sujadar a Facebook har ya sauka. Wani manomin citta daga wajen Kachia ya tuna yadda cutar da ta auka wa citta a 2023 ta bar gonaki a ruɓe har iri ya gagara. Ya ce bana ma bai koma inda yake a da ba, masara ya kawo. Ya karanta Habakuk 3:17-18, inda annabin ya ce ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Allah mai cetonsa. Bai ƙara komai ba, matan suka ɗauke shi da waƙa.

Ƙirgar baiko, wato kuɗin da jama'a suka bayar, mutum huɗu, ba biyu daga gida ɗaya, a ɗaki a rufe, kowa ya sa hannu a takarda kafin a tashi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa suka saba turawa ta waya, don haka ma'aji sai ya haɗa abin kwando da abin da ya shiga asusu. Matsalar ita ce wanda bai rubuta "godiya" a turawarsa ba, kuɗinsa kan gauraya da zakka ko na gini. An buga lambar asusu a takardar shiri tare da wannan roƙon.

Abinci dafa-duka ce da kunun zaƙi. Buhun shinkafa mai kilo 50 kan ciyar da wajen mutum 350 in hannu ɗaya ke zubawa. Yara da tsofaffi aka fara ba. An aika da kula biyu ga maƙwabtanmu Musulmi masu shaguna a bakin layi, waɗanda suka ba mu wurin ajiye motoci.

Da yamma kwamiti ya zauna kan kayan. Masara sai an gwada kafin a ɗaure: a ciza ƙwaya, in ta fashe "ƙas" ta bushe, in haƙori ya nutse da sauranta. Ko a zuba ta a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri a girgiza, in gishiri ya manne a jikin kwalba akwai danshi. Buhu biyu sun faɗi gwajin, za a baza su a tabarma gobe, domin ɗanyar masara a ɗaure fumfuna take yi, kuma irin wannan fumfunar guba ce. Wake ya shiga buhu mai ninki uku, a matse iska a ɗaure kowane ninki daban, ba sai an sa magani ba. Kowane buhu a kan katako, ba a kan siminti ba, ba a jingine da bango ba. Doyar da ta ji rauni wajen saukewa an ware ta, ita za a fara rabawa don ba ta jira.

Gwanjo kaɗan aka yi, dabbobi da kayan lambu kawai, abin da ba zai ajiyu ba. Hatsi an kasa shi uku: gwauraye da marayu, iyalan da rikici ya raba da ƙauyukansu suke zaune a cikinmu, da masu bishara da ke can fagen aikinsu. Shugabannin Zumuntar Mata ne suka kawo sunayen, su suka san gidan da ba a ɗora tukunya. Ba za a kira kowa gaban jama'a ya karɓa ba. Ranar Talata da yamma za a kai gida-gida a Keke Napep, mutum biyu-biyu, kowane gida mudu goma na masara, uku na wake, doya biyar. Kason masu bishara zai bi motar da za ta tafi ranar Asabar.