Alhamis: jirgin Sarkin Damagaram da bai taɓa tashi ba

Hazo ya rufe gari tun asuba, ko duwatsun Birni ba a hangowa daga ƙofar gida. Na san yau ba ranar fenti ba ce. Wanda ya shafa fenti a wannan iska, ƙura ce za ta gama masa aikin. Sai na jawo kwalin da na tura ƙarƙashin gado tun makon jiya.

Ƙanena ne ya taho min da shi daga Faransa a hutun damina. Ƙaramin kwaikwayon jirgin sama ne da ake harhaɗawa da hannu, Potez 25 na Faransa, mai fiffike sama da ƙasa, ma'aunin 1/72, wato an rage girmansa sau 72. Fiffiken sama na jirgin gaske ya ɗan haura mita 14, nawa kuwa bai cika santimita 20 ba, taƙi guda ke nan. Na rezin ne, kuma rezin halinsa daban da robar da yara suka saba gani. Zuba shi ake yi da ruwa-ruwa a mazubi ya daskare, kamar yadda masu zubin tukwane ke yi da dalma, don haka kowane yanki yana zuwa da guntun gindin zubi da sai ka yanke da ɗan zarto. Akwai kuma maiƙon da ake shafa wa mazubin, in ba ka wanke shi da ruwan omo ba, fenti zai saɓule kamar fatar maciji. Na wanke su duka, na shanya a kan faranti, auta yana tsaye yana ƙirga min su da ƙarfi. Sai da na ce masa in ya hura ko guda ya ɓata, shi zai nemo min a cikin rairayin tsakar gida.

Fiffiken saman ya lanƙwashe, na tabbata zafin jakar ƙanena ne a hanya. Na karɓi butar shayi wurin uwargida, na zuba ruwan zafi a kwano, na tsoma shi har ya yi laushi, na danne shi a kan gilashi da littafi biyu, sannan ruwan randa. Ya miƙe sambal. Wannan nasarar ce ta sa ni rawar kai. Ina gugar fiffiken ƙasa da sanfefa a cikin ruwa, don ƙurar rezin ba abin shaƙa ba ce, sai na ji ƙas! Ya rabu biyu a hannuna. Rezin ba ya lanƙwasa ya yi maka kashedi, karyewa kawai yake yi kamar busasshen kara.

Gam ɗin roba ba ya kama shi, sai supa-gulu, nawa kuma ya daskare a bututunsa. Dole na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole, ga shi ranar kasuwa, turereniya ko ta ina. Na sayi gam biyu a dala arba'in, na samo siririyar wayar tagulla wurin mai gyaran rediyo, don dirkokin da ke riƙe fiffike biyun ba zan yarda da na rezin ba, sun yi sirantar tsinken tsintsiya. Na ɗan tsaya wurin dukawa ina kallon koren fatar nan da suke yi wa jaka da kube ado da ita. Shi ne launin da nake so a wutsiyar jirgin.

Abin da mutane ba su sani ba, supa-gulu da laima yake kamawa. A bushewar hunturun nan sai ka riƙe yanki biyu ka yi ta jira, ya ƙi. Na huda ɓarayin biyu da allura, na zura waya a tsakani, na ɗiga gam, na dinga hura masa hucin baki kamar mai tofi. Ya kama, har da babban yatsana. Ƙananan ramukan da kumfar iska ta bari a bakin fiffiken na cike su da gam gauraye da hodar jarirai, na goge kafin ya yi taurin dutse.

Bayan la'asar Kawu ya shigo, ya tarar da ni da takardar da na zana fentin a kanta. Ya ɗaga ta nesa da ido ya ce, "Wannan tutar wace ƙasa ce?"

Na ce, "Kawu, ta Damagaram ce. Ku ɗauka a 1899 Faransawa ba su ci mu a yaƙin Tirmini ba, Sarki Ahmadu Kuran Daga ya tsira da ƙasarsa. To wannan jirgin da magajinsa zai saya ne wajen 1930."

Ya kalle ni ya ce, "Kai da gemunka kake zana ƙarya?"

Ban yi gardama ba, sai na jera masa abin da ya faru da gaske. Wannan samfurin ya fara tashi a 1924, an ƙera kusan 4,000. A 1929 Habasha ta saye shi, lokacin Ras Tafari bai zama Haile Selassie ba, da shi ta fara rundunar sama. A ƙarshen 1933 kuma Janar Vuillemin na Faransa ya jagoranci kusan talatin daga cikinsu suka ratso Sahara, suka bi ta Gao da Yamai, suka sauka a nan Zinder kafin su wuce Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Ƙasar garin nan ta san tayar jirgin nan. Abu guda na sauya, mai shi.

Wanda ya ce ƙarya nake zanawa, shi ne ya gyara zama. Ya ce man fa, daga ina? Na ce daga Kano, tunda dogo ya iso can tun 1911, sai raƙuma su ɗauko gongoni. Ya ce to harajin da Turawan Ingila za su yanka mana sai ya fi kuɗin jirgin. Ban da amsa. Ya ce kuma ban san Damagarawa ba: garin da Sarki Tanimu ya sa maƙera suka zuba igwa, ana haɗa albarushi a cikin ganuwa, ba zai sayi jirgi uku ba. Guda za a saya, a kwance shi a gaban fada, maƙera da dukawa su zagaye shi. Saboda haka in zan yi gaskiya, in bar faci a jikinsa, yadin fiffike launi biyu, wani wurin ma ɗinkin baduku.

Wannan ya fi duk abin da na zauna na tsara. Da ma abin da ke ba ni haushi da wasu masu irin wannan aikin ke nan, su ɗauki jirgi su zabga masa tuta, shi ke nan wai sun sake tarihi. In jirgin da ya wanzu kake yi, hoto zai gaya maka komai. Wanda bai wanzu ba kuwa, kai za ka amsa tambayar kowane ƙusa: wa ya ƙera, da me, nawa aka biya, wa ya hana.

Zanen dawakin da na yi a gefensa ma Kawu ya soke. Ya ce malaman fada ba za su bari a tashi sama da hoton mai rai ba, in sa irin adon da ke jikin sorayen Birni. Sannan ya tambayi ina ruwan shan matuƙi. Na nuna masa ƙaton cikin jirgin, na ce wannan tankin mai ne da aka ƙara wa samfurin hamada. Ya ce to a rataya masa salka a gefe, ba Bature ba ne. Na lissafa, salka a wannan ma'aunin ba ta wuce santimita guda ba. Ya aiki auta madafa ya ɗebo wake, ya zaɓi ƙwaya ɗaya mai ƙundu ya ajiye min a kan tebur. Na ce ƙwari za su cinye ta. Ya ce in lulluɓe ta da gam ɗin nan da ya manne min yatsa.

Wuta ta ɗauke ana kiran magariba, na tattara komai da hasken waya. Igiyoyin da ke ɗaure fiffike saura, na roƙi uwargida silin gashin kitso guda biyar, ta ce sai ta ga na maido mata da butarta a wanke. Waken yana cikin kwalin ashana, na rubuta "salka" a bayansa don kada a watsa wa kaji.