Kwanon uwa nake dafawa a ƙarshe

Duk ranar da na yi waya da yayana a Kano sai ya ce, "Ƙanena, har yanzu dai Indomie kake sayarwa a Japan?" Na sha yi masa bayani. Abin da nake sayarwa sunansa ramen, kuma tsakaninsa da taliyar leda kamar tsakanin farfesun da aka wuni ana dafawa ne da dunƙulen Maggi. Gaskiya ne dai akwai dangantaka, domin wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando ne ya fito da ta leda a 1958, kuma ramen yake kwaikwayo. Amma shi ramen ɗin ya girme ta nesa ba kusa ba, tun 1910 aka buɗe shagon Rairaiken a unguwar Asakusa ta Tokyo.

Harkar kayan gyaran mota ce ta kawo ni ƙasar nan, kamar wasu 'yan Afirka da ke lardin Saitama. Na yi aure a nan, na bar loda kwantena, na yi shekara uku ina koyon aiki a wurin wani dattijo mai ramen na romon kaza, sannan ni da matata muka buɗe namu. Ƙaramin wuri ne, tafiyar minti bakwai daga tashar jirgin ƙasa. Kujeru takwas a jikin kanta, sai wani dakali da aka shimfiɗa wa tabarma mai tebur biyu gajeru, irin wanda ake cire takalmi a hau a zauna. Su koagari suke ce masa.

Tun tsakar dare nake ɗora tukunya. Ƙasusuwan kaza da ƙafafunta, citta, tafarnuwa, albasa, a bar su suna tafasa awa takwas har romon ya koma fari kamar madara. Ban da shi akwai abin da Japanawa ke kira "tare", wato haɗin gishiri ko na ruwan waken suya da ake fara zubawa a gindin kwano, shi ne sirrin kowane shago, sai mai, sai taliyar. Ranar da na fara shiga wurin masu murza taliyar na ji wani ƙamshi da na sani. Ashe kansui ne, ruwa mai irin sinadarin kanwarmu, shi ake kwaɓa garin alkama da shi don taliyar ta yi danƙo ta yi ruwan ɗorawa. Ɗanwaken mahaifiyata ne ya faɗo min a rai.

Ba na kusantar alade, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a sana'ar nan. Ramen ɗin yankin Hakata na birnin Fukuoka da ake kira tonkotsu ƙashin alade ne tsantsa, yankan naman da ake ɗorawa a kai ma yawanci nasa ne, kuma ko inda aka rubuta kaza sau da yawa akwai kitsen alade a ciki, ko giyar girki ta mirin a cikin tare. Ni kajin Brazil masu shaidar halal nake saye. Shi ya sa ranar Asabar za ka ga 'yan Pakistan masu harkar motoci sun taso daga garin Yashio, ga 'yan Indonesiya ma'aikata, kowa da iyalinsa. Ga kuma Japanawan unguwa, waɗanda ba ruwansu da halal, romon kawai suke so.

To a nan maganar yara ta shigo.

Gidan ramen ba don yaro aka tsara shi ba. An tsara shi ne don mutum ɗaya mai sauri. Ya shigo, ya sa kuɗi a injin da ke bakin ƙofa, ya danna, tikiti ya faɗo, ya miƙa min, ya zauna a doguwar kujera marar jingina, ya zuƙe taliyarsa, ya tashi. Minti goma sha biyar ya yi yawa. Kuma dole ce ta sa, domin Japanawa suna da abin da suke kira katangar yen 1,000, wato in kwanon ramen ya haura wannan kuɗin sai mutane su fara ja da baya, alhali alkama da gas da kaza kullum hawa suke yi. Nawa yen 980 ne. Da aka fito da sababbin takardun kuɗi a watan Yulin 2024 sai da na kashe ribar watanni kafin injin tikitina ya fara karɓarsu. Mai irin wannan lissafin, ribarsa tana ga yawan mutanen da suka zauna a kujera ɗaya tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya. Iyali mai yara biyu zai riƙe tebur minti arba'in, ya sayi kwano biyu, ya bar maka ƙasa da taliya.

Maigidana da ya koya min aiki ba ya karɓar yaron da bai shiga firamare ba. Ya rubuta ya liƙa a ƙofa. Ban taɓa ganin laifinsa ba, domin shagonsa kanta ce kawai, tsakanin bayan mai ci da bango da ƙyar mutum ke wucewa, ga tukunyar ruwan zafi kusa. Ni ma da na buɗe nawa, ban hana yara ba, amma ban yi musu wani tanadi ba.

Wata ranar Laraba a watan Yuni, lokacin damunarsu, wata mata ta shigo da goyo a ƙirji, tana riƙe da hannun yaro kamar ɗan shekara uku. Ta sayi kwano ɗaya ta nemi ƙaramin kwano. Na yi yadda aka koya min, na kai mata da zafinsa yana tururi. Daga inda nake tsaye ina kallonta. Ta ɗebo taliya, ta gutsuttsura da tsinken cin abinci, ta hura, ta ba yaron. Ya zubar da ruwa, ta goge. Jaririyar ta fara kuka, ta miƙe tana jijjiga ta, hannu ɗaya yana ba yaron abinci. Sai da aka yi minti ashirin da biyar kafin ta kai loma ɗaya bakinta. Lokacin kitse ya daskare a saman romon, taliyar ta shanye ruwan ta kumbura ta caɓe. Ta tura ta a tsaye cikin loma huɗu ko biyar, ta durƙusa tana tsince abin da ya zube a tabarma, ta ba ni haƙuri ya fi sau biyar, ta fita cikin ruwa.

Matata tana wanke-wanke ta ce, "Baban yara, ka ga abin da matar nan ta ci? Ba ramen ɗinka ta ci ba."

Maganar ta tsaya min. Awa takwas na yi a kan romon nan, taliyar kuma minti ɗaya da rabi take yi a ruwa, ina ƙirga daƙiƙa, duk don ta isa bakin mutum tana da danƙonta. Matar ta biya cikakken kuɗi ta ci abin da ni da kaina ba zan yarda ya fita daga hannuna ba. Kuma na san ba ita kaɗai ba ce, na dai daɗe ina gani ban lura ba.

Tun daga makon muka sauya tsari. In uwa ta shigo da ƙaramin yaro ita kaɗai, sai na tambaye ta, "In fara kawo na yaron, naki sai kin ɗaga min hannu?" Na yaron rabin taliya ne a kwanon roba mai faɗin gindi. Ita kuwa ba na jefa tata a ruwa sai yaron ya ƙoshi ya koma wasa da cokali. In su biyu ne da miji, ɗaya ya fara ci, ɗayan na riƙe nasa. Wannan yana ɓata min jerin aiki, domin a ƙa'ida tikiti bi da bi ake dafawa, ga kwandunan taliya shida a cikin ruwa, kowanne da lokacinsa, yanzu kuma ga wani tikiti da na jingina a gefe ina satar kallon mai shi. Sau biyu na manta da shi a farkon lamarin, sai na sayi jan matsi na shanya ina maƙale shi a goshin kanta, daidai idona.

Shi kansa kwanon yaron na daɗe ina gyara shi. Gishirin ramen yana da yawa. Na auna nawa, in mutum ya shanye romon duka ya sha kusan giram shida, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ma kada ya kai giram biyar a wuni. Saboda haka na yaro kashi ɗaya cikin uku na tare nake sawa, in sirka da romon da ba gishiri, in jefa ƙanƙara ɗaya ya huce. Ba barkono, ba ɗanyen lawashi. Akwai almakashin abinci a kowane tebur na dakali, domin taliyar doguwa ce, yaro kuma yana ganin manya suna zuƙa sai ya ce shi ma zai yi, ya ƙware. Busasshen ganyen teku da ake kira nori ba na sa wa ƙarami sai na yayyaga shi, yana manne wa a maƙogwaro. Ƙwan salwa kuwa, wato ɗan ƙaramin ƙwan nan da wasu shaguna ke jefawa ɗungurungum, na daina sayensa gaba ɗaya bayan wani ɗan aji ɗaya ya rasu a Miyama da ke lardin Fukuoka a watan Fabrairun 2024, ya shaƙe da shi a abincin makaranta. Kafin na dafa kuma sai na tambayi uwar ko akwai abin da jikin yaron ba ya karɓa, domin alkama da ƙwai da waken suya duk suna cikin kwanon nan, kuma ruwan da nake dafa taliya ɗaya ne ga kowa. In ta ce alkama, sai in gaya mata gaskiya ba ni da abin da zan ba shi sai farar shinkafa.

Abin da ya fi tayar min da hankali a shekarun nan ƙuna ce, kuma laifina ne. Ana cikin cunkoson Asabar na ajiye kwanon wani magidanci a bakin tebur, gefen da 'yarsa 'yar shekara biyu take. Ban gama juyawa ba ta miƙa hannu. Romon da ya fito daga wuta ya zubo mata a damtse. Na ɗauke ta na shiga da ita wurin wanke-wanke, na sakar mata ruwan famfo mai sanyi a kan rigar, ban cire ba, muka tsaya minti ashirin tana ihu, uban yana riƙe da ita, layi yana waje. A gida da yawanmu man goge baki ko ɗanyen ƙwai muke shafawa, don Allah a daina, ruwan sanyi mai gudana ne magani na farko, sannan asibiti. Allah Ya taƙaita, ba ta yi tabo ba. Na biya kuɗin motar da ta kai su, na je gidansu da yamma na duba ta. Daga ranar, kwanon babba can ƙarshen tebur nake ajiye shi, nesa da hannun yaro, kuma sai na faɗa da ƙarfi cewa da zafi kafin in sake shi. Ba na kuma yarda a ɗora yaro a cinya a jikin kanta ana cin ramen a saman kansa. In dakali ya cika, a yi haƙuri a jira.

Ba kowa ne ya ji daɗin sauyin ba. Akwai wani dattijo da yake zuwa kusan kullum tun makon da muka buɗe, kujerar ƙarshe ta jikin bango ce tasa. Wata rana yara uku suna ta hayaniya a dakali, ya ajiye tsinkensa ya ce, "Maigida, nan gidan ramen ne ko gidan reno?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, yanzu za su tashi." Ya gama ya fita, bai sake dawowa ba. Har yau in na kalli kujerar nan ina jin abin, domin shi ma da gaskiyarsa, hutun rabin awa ya zo nema. Amma ni inda na tashi ɗa na kowa ne, kuma a ƙasar da haihuwar 2024 ba ta kai 700,000 ba, a unguwar da za ka wuce tsofaffi goma kafin ka ga yaro ɗaya, na kasa gane yadda za a yi uwa ta riƙa ba da haƙuri don ɗanta ya yi motsi.

Iyaye kuma ina roƙonsu abu kaɗan. A zo da ƙarfe sha ɗaya daidai lokacin buɗewa, ko bayan ƙarfe biyu, lokacin ma'aikata sun koma ofis, zan iya tsayawa in saurare ku. A yanke shawarar abin da za a ci kafin a tsaya gaban inji, hotunan suna liƙe a waje. Yaron da ya kai shekara huɗu ko biyar a saya masa nasa kwanon, yen 400 ne, maimakon a raba ɗaya mutum uku. Abin da ya zube a ƙasa kuma a bar mana, aikinmu ne, tsumma da bokiti suna nan.

Abin da har yanzu ban warware ba shi ne keken jarirai. Ƙofata ƙarama ce, sai an naɗe shi an jingina a waje, in ana ruwa ya jiƙe, in jaririn yana barci a ciki sai an tashe shi. Daren jiya bayan mun rufe, ni da matata muka ɗauko ma'auni muka gwada. In na cire kujeru biyu na bakin ƙofa, keke biyu za su shiga a buɗe. Kujeru biyun nan a tsakar rana kaɗai suna kawo min kwano takwas zuwa goma. Ta rubuta lissafin a bayan tikiti, muka daɗe muna kallonsa. Da safe na kira kafinta, ya ce zai zo lokacin hutun sabuwar shekara, ranar da tukunya ke sauka.