Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Murtala Goma

A makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya damƙa ni hannun Kawu, ƙanin Innata, domin in riƙa zuwa shagonsa na atamfa a Kantin Kwari idan an tashi daga makaranta. Shekarata 15 a lokacin, kuma ba abin da ke cina a rai kamar a daina ce mini yaro. Ina son in shiga majalisar samarin layinmu a matsa mini a kan benci, in ɗaura agogo, in biya wa kaina kuɗin sinima ba tare da na roƙi kowa ba.

Ana haka sai ga canjin kuɗi na shekarar 1984. Gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon ta rufe iyakokin ƙasa, ta sauya launin takardun naira in ban da ta kwabo 50, aka ba mutane daga 25 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayu su kai tsofaffi banki. Wanda bai ga Kano a waɗannan kwanaki ba, da wuya ya gane. Tsakiyar bazara ce, rana kamar ta narka kwalta, tun asuba layi ya miƙe har ya sha kwana, ga sojoji a tsaye saboda dokar yaƙi da rashin ɗa'a. Abokan cinikin Kawu na Maraɗi da Damagaram kuwa, ɗif, ba hanyar shigowa.

Ni Kawu yake aika wa in kama layi. A kwana na huɗu na zama ɗan gari, har na ga yadda wasu samari ke sayen tsohon kuɗi a hannun mutanen ƙauye da ragi. Wani abokina ya raɗa mini cewa wannan ita ce kasuwa, mai wayo ke ci.

Ranar nan da la'asar na fito da sababbin kuɗin Kawu a aljihu, sai na ga wani dattijo zaune a gindin katanga, ya cire hula yana fifita da ita. Ya ce daga wani ƙauye yake a yankin Ɗambatta, kwanansa biyu a layi bai kai ga ƙofa ba, guzurinsa ya ƙare. Ya kwance bakin rawaninsa ya fito da 'yan Murtala guda goma, naira 200, an naɗe su sun yi laushi da gumi. Kuɗin bijiminsa ne da ya sayar domin auren 'yarsa.

Na ce, "Baba, in ka yarda kawo in ba ka 140 sababbi, ka kama hanya tun da sauran rana."

Ya daɗe yana kallona. Har yanzu ina ganin yatsunsa masu kaushi suna shafa takardun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "To ɗana, Allah ya yi maka albarka." Wannan addu'ar ce ta fi damuna daga baya, domin da zuciya ɗaya ya yi ta.

Washegari na canja tsofaffin, na cike wa Kawu kuɗinsa cif, naira 60 ta zama tawa. Na sayi agogo mai sarƙa da takalmi sau-ciki. Da daddare a majalisa aka matsa mini a kan benci, kamar yadda na daɗe ina mafarki.

Kwana biyu kawai na ci. Muna ninke turamen atamfa hannun rigata ya zame, Kawu ya ga agogon. Ya tambaye ni inda na samo, na fara kame-kame, ya ce, "Zauna ka faɗa mini tun daga farko." Na faɗa masa duka, har da ƙarin cewa ai kuɗinsa ba su yi ciwon kai ba, kuma tsohon da kansa ya yarda.

Na zaci mari ne zai biyo baya. Kawu ya yi shiru yana kallon ƙasa, can ya ce, "Da kuɗina ka yi cinikin da ban aike ka ba, wannan ɗaya. Na biyu, mutumin da yunwa da rana suka durƙusar, in ya ce maka ya yarda, ba shi ya yarda ba, wahala ce. Shekarata 20 a kasuwar nan, mutanen Nijar suna barin mini dukiya ba takarda ba shaida. Kana tsammanin atamfata ta fi ta maƙwabta kyau ne?"

Ya sa na cire agogon. Muka mayar wa mai shi, ya karɓa da ragi, Kawu ya cike sauran daga aljihunsa ya ce bashi ne, zan biya da dakon kaya. Abin da ya fi girgiza ni shi ne washegari bai buɗe shago ba. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi fitowa, ya saka kwaɗo a ƙofa, muka nufi tasha.

A mota bai ce mini uffan ba. Daga Ɗambatta muka bi hanyar ƙasa a bayan a-kori-kura, muna tambaya, ni ba sunan mutum na sani ba, sai sunan ƙauye da zancen auren 'ya. Wata mai tallan fura ce ta nuna mana gidan. Muka tarar da shi a zaure yana tufkar igiya. Kawu ya yi sallama, suka gaisa, sannan ya ja da baya ya miƙo mini kuɗin.

"Kai za ka ba shi, kuma da bakinka za ka faɗi abin da ka yi."

Na durƙusa, maƙogwarona ya bushe. Dattijon ya ajiye igiyar, ya kare ido da hannu yana dubana, sai ya yi murmushi ya ce, "A'a, ɗana mai taimako, kai ne a gidana?"

Abin da na faɗa masa, da abin da ya mayar mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.