Ashe ba birauzar ce ke cinye min RAM ba

Kusan sati uku laftop ɗina tana ba ni ciwon kai. Da safe in na kunna ta lafiya lau, komai sumul, amma kafin yamma sai fanka ta fara kuka kamar za ta tashi sama, in na danna wani tab sai na jira sakan huɗu biyar kafin ya fito, rubutu ma in ina yi sai haruffan su riƙa biyo ni a baya. RAM ɗina, wato memorin da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki da shi a lokacin, giga 8 ne, ba wani abin a zo a gani ba ne, amma dai shekara biyu muna tare ba ta taɓa min wannan halin ba.

Abin da kowa ke yi shi na fara yi, Ctrl+Shift+Esc, Task Manager na Windows ya buɗe, sai ga birauza can a sama ta riƙe sama da giga 5, ga kuma wata lamba a gefen sunanta wai arba'in da wani abu. Nan take na yanke mata hukunci. Na sauke wata birauzar na koma can, na kwashe bukmak da fasuwod ɗina, na sake saka ekstenshan ɗina, ƙananan manhajojin nan da ake ƙara wa birauza, ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suke, ina ta jin daɗi na rabu da ƙaya. Kwana biyu kacal ciwon ya dawo, sak irin na da. Toh nan fa jikina ya yi sanyi.

Wannan lambar ta arba'in da ta tsorata ni, har na zata ko bairos ne, ashe ba komai ba ce, yawan firoses ne, wato ayyukan da birauzar ta rarraba kanta a cikinsu. Tun da Chrome ta fito a 2008 haka aka gina ta, shafuka ba sa zama a ɗaki ɗaya, ana raba su ne gida-gida don in ɗaya ya faɗi kada ya ja sauran. Da matsalar tsaron nan ta Spectre ta ɓulla a 2018 sai aka ƙara tsananta rabon a Chrome 67 da abin da suka kira Site Isolation, kowane sayit da nasa firoses, har tallan da ke maƙale cikin shafi in daga wani sayit ya fito ware shi ake yi, kuma Google da kansu sun ce hakan zai ƙara cin memori da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. Firefox ma ta bi sahu da nata mai suna Fission a ƙarshen 2021. Ga shi kuma da gangan birauza ke riƙe wasu abubuwa a RAM don kada ta sake ɗauko su, RAM ɗin da ke zaune fanko ai ba ya amfanar kowa. Kenan ganin babbar lamba shi kaɗai bai gaya maka komai ba. Abin dubawa shi ne, lambar tana hawa ta sauka, ko hawa kawai take ba ta dawowa?

Kuma Task Manager na Windows ba zai amsa maka wannan ba, don shi duk suna ɗaya yake nuna maka a jere ba ka san wane ne wane ba. Birauzar tana da nata a ciki, ni wallahi duk shekarun nan ban taɓa buɗe shi ba. A Chrome ko Edge ka danna Shift+Esc, a Firefox ka rubuta about:processes a wurin adireshi. Zai jero maka kowane tab da sunansa, kowane ekstenshan, da na GPU mai kula da zane da bidiyo, sai ka danna kan Memory footprint ya tsara su daga mai ci da yawa zuwa ƙasa.

Kallo ɗaya ba ya isa, nan ne mutane ke yin kuskure, ni ma na yi. Ranar farko na ga tab ɗin bidiyo ne a sama na rufe shi ina murna, a banza. Washegari sai na ɗauko takarda da biro, ƙarfe 9 na rubuta lambobin, 12 na sake, 3 na sake. Na bidiyo yana kai mega 600 amma da na tsayar da kallo sai ya sauko. Na imel yana nan inda yake. Sai wani shafin labarai da na saba barinsa a buɗe, irin mai sabunta kansa ɗin nan, da safe 180, da rana 450, da yamma ya haura 900 ban ma taɓa shi ba. Na ce yauwa ga ɓarawon. Har na fara zagin masu sayit ɗin a zuciyata, sai na lura akwai wani tab ɗin daban, na wani sayit da ba abin da ya haɗa su, shi ma yana kumbura a hankali.

Sayit biyu ba dangin iya ba na baba, ciwo iri ɗaya, birauza biyu ciwo iri ɗaya. Me ya haɗa su in ba kayan da ni na saka da hannuna ba?

Abin da ya ɓatar da ni tun farko shi ne na duba layin ekstenshan ɗin a jerin, duk ƙanana ne, ba wanda ya wuce mega 70, sai na wanke su. Ashe da yawansu suna cusa wani ɓangaren kod ɗinsu ne cikin kowane shafin da ka buɗe, kuma wannan kod ɗin a cikin firoses na shafin yake aiki, don haka duk abin da ya ci a kan tab ɗin ake rubutawa, shi kuwa ekstenshan ɗin yana gefe da farar riga kamar bai san komai ba. Gwajin mai sauƙi ne, na buɗe shafin labaran a Incognito, tagar sirrin birauza, inda ekstenshan ba sa aiki sai wanda ka ba izini da kanka, na bar shi awa huɗu. Ko motsin kirki bai yi ba.

Ekstenshan guda 11 nake da su, rabinsu ma na manta yaushe na saka. Maimakon in bi su ɗaya-ɗaya in kwana sati, sai na shiga chrome://extensions na kashe rabi, na jira, ciwon na nan, kenan yana cikin waɗanda suka rage, na sake raba su biyu, haka haka. Zagaye huɗu ya isa. Wani ɗan ƙarami ne mai nuna ma'anar kalma in ka ɗora maus a kanta, ba zan faɗi sunansa ba, wataƙila ma sun gyara zuwa yanzu.

Don son sani na danna F12 na shiga Memory na ɗauki heap snapshot, wato hoton abin da shafin ke riƙe da shi a memori, na rubuta Detached a wurin tacewa don ganin ɓangarorin da aka cire daga shafin amma ba a sake su ba, sai ga su tuli. Yadda abin yake, JavaScript, yaren kod ɗin da ke aiki a cikin shafuka, na da mai kwasar shara da ke zagayawa yana kwashe duk abin da aka gama da shi, amma ba ya taɓa abin da wani ke riƙe da shi har yanzu. Shafin yana zubar da tsofaffin labarai ya kawo sababbi, shi kuma ekstenshan ɗin ya riƙe wutsiyar kowane tsohon da aka cire ya ƙi saki, sharar sai taruwa take. Da RAM ya cika sai Windows ta fara kwashe kaya zuwa pagefile, wani fayil na ajiya a kan diski, diski kuwa ko SSD ne bai kama ƙafar RAM a sauri ba, wannan jiran sakan biyar ɗin daga nan yake.

Wani zai ce ai da ka kunna Memory Saver. A kunne yake. Chrome ta kawo shi a ƙarshen 2022, Edge na da Sleeping tabs tun 2021, suna kwantar da tab ɗin da ka daɗe ba ka leƙa ba, kuma suna taimakawa sosai. Sai dai na Chrome ba ya taɓa wanda ke kunna sauti, ko wanda ake sauke fayil a ciki, ko fom ɗin da ka fara cikewa, ko wanda ka maƙale da fin, ni kuwa shafin labaran nan a maƙale yake. In kana son ganin wanda aka kwantar da wanda aka bari, chrome://discards zai nuna maka. Su kuwa manhajojin nan masu cewa za su wanke maka RAM da dannawa ɗaya, ni dai ban ga amfaninsu ba, galibi tura kayan suke zuwa diski lambar ta yi kyau a ido, minti kaɗan ta dawo. Mai Firefox gara ya shiga about:memory ya danna Minimize memory usage, in lambar ta sauko sosai to dama ajiya ce kawai, in ta ƙi sauka akwai mai riƙe da ita.

Na cire ekstenshan ɗin, na haɗa da wasu biyar da ba na amfani da su, na tura wa mai shi saƙo da hoton lambobin da na rubuta, har yau dai shiru. Yanzu haka da nake wannan rubutun tab 23 ne a buɗe, birauzar na riƙe da giga 3 da ɗan wani abu, tun safe a nan take yawo, fanka ta yi tsit. Ma'anar kalma kuwa sai dai in buɗe ƙamus a wani tab, abin na ɗan ba ni haushi don na saba da wancan.