Bargo da kuɗin likita: abin da na tarar a takardun Mi'kmaq

Aikin da malamarmu ta ba ni shi ne in bi sawun tallafin da gwamnatin mulkin mallakar Birtaniya ta Nova Scotia (a gabashin Kanada ta yau) ta riƙa bai wa matalauta da marasa lafiya na al'ummar Mi'kmaq, 'yan asalin yankin, kafin 1867. Na shiga da zaton zan ga wane ya karɓi kaza, wance ta warke. Ina! Takardun neman biya ne jibge. Likita ya duba mara lafiya, ya rubuto wa majalisa a Halifax a biya shi. Ɗan kasuwa ya ba da fulawa da barguna, shi ma ya miƙo lissafi. Sunan likita ga shi ɓaro-ɓaro, kuɗin magani har da kwabbai, amma wadda aka je dubawa sau tari ko suna ba ta samu ba. Har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda zai yi irin wannan aiki, kada ya fara da lissafin kuɗi. Ya fara da koken da mutanen suka aika da kansu. A 1841 wasiƙar shugabansu Louis-Benjamin Peminuit Paul ta isa ga Sarauniya Victoria. Ya ce kwalekwalensa ya yi ƙanƙanta da ƙetare teku, ga tsufa, kuma jama'arsa ba su da sauran dajin farauta. A nan na gane inda yunwar ta fito: ƙasa aka mamaye, aka biyo su da bargo.

Shekara na zagayowa aka naɗa Joseph Howe kwamishinan harkokin 'yan asalin ƙasa, aka ware wa aikin fam 300 a shekara, wai a zaunar da Mi'kmaq su yi noma. Ana cikin haka cutar dankali ta afko a tsakiyar shekarun 1840. Da William Chearnley ya karɓi kujerar a 1853, shi a ganinsa al'ummar ƙarewa za ta yi, sai ya karkata ga rabon barguna da manyan rigunan sanyi.

Su kuwa takardun likitoci ba su fasa zuwa ba, ana ta ja-in-ja kan wa zai biya, majalisa ko masu kula da matalauta na gari. Sai da na ware shafi guda a littafina ina rubuta marasa lafiyar da aka ambata ba suna, kowa da garinsa da shekarar da aka duba shi. Da shi na buɗe rahotona, lissafin kuɗin kuma na tura shi ƙarshe.